Hakin gona da aljanun Ailan: aikin gidan da ya kamata mu ba yaranmu

A shekarar 1937 ƙasar Ailan, wadda muka sani da sunan Irlande a darasin labarin ƙasa, ta ba yaran firamare wani aikin gida da ba a saba gani ba. Aka ce kowane yaro na manyan azuzuwa ya koma gida, ya zauna gaban kakansa ko wata tsohuwa ta maƙwabta, ya tambayi abin da suka sani, ya rubuta cikin kaye yadda aka faɗa masa. Hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1935 ƙarƙashin jagorancin Séamus Ó Duilearga, ita ta tsara aikin tare da ma'aikatar ilimi da ƙungiyar malamai. Cikin kimanin wata 18, yara fiye da 50,000 daga makarantu wajen 5,000 suka cika shafi kusan 740,000. An raba wa malamai ɗan littafin jagora mai kan magana 55, daga tatsuniya da karin magana har zuwa wasannin yara da labarin yunwa. Ɗaya daga ciki a kan tsirran daji yake, kuma cikin tambayoyinsa har da wannan: wane haki ne ya fi ɓarna a gonarku?

Yaran sun amsa, amma ba irin amsar da littafin kimiyya ke so ba. Sun kawo sunan haki da wurin da yake fitowa da abin da yake yi wa shanu, sa'annan suka haɗa da aljanu da matattu da ranakun da ba a taɓa wani ganye. Malamai ba su tace ba, ba su ce wannan ilimi ne wancan shirme ba. Ni a ganina wannan rashin tacewar shi ne ya ba aikin daraja, kuma shi ne abin da ya fi yi mana wuya, mu da aka koya wa a Ekol Normal cewa aikin mushe shi ne ya fitar da yaro daga duhun camfi.

Bari mu duba abin da ke cikin kayen.

Akwai wani haki mai ƙaya da fure shuɗi-shuɗi wanda suke kira feochadán. Manomi ba ya son sa, don dabba ba ta kiwo inda ya yi yawa. Duk da haka akwai labarin da ya yaɗu a sassan ƙasar, na wani makaho da ya tafi sayen gona. Da suka isa sai ya ce wa yaron da ke masa jagora ya ɗaure dokinsu a jikin wannan hakin. Yaro ya duba ya ce babu ko ɗaya a nan. Makaho ya ce to mu juya, wannan ƙasa ba ta da ƙarfi. Labari ne na ban dariya, amma abin da yake koyarwa daidai ne: hakin nan ƙasa mai kyau yake so. Haka kuma sun san cewa inda ciyawar fadama mai siririn kara, luachair, ta mamaye, to ruwa ya kwanta a ƙasar, sai an yi masa hanya kafin a ci moriyarta. Manomin Tibiri ko na Matamaye ba ya bukatar a fassara masa wannan. Shi ma da haki yake karanta gonarsa. In ya ga ƙuduji, wanda wasu ke ce wa gaugai, ya fitar da jan furensa a gindin hatsi, ya san gona ta gaji tana neman taki.

Sai buachalán buí, dogon haki mai ruwan ɗorawar fure. Shi ne dokin aljanu. Mutanen Ailan sun ce da dare, musamman daren ƙarshen watan Oktoba, aljanu na hawan karansa ya zama doki, su yi ta sukuwa a sama har gari ya waye. (Ba sa ma kiran sunan aljanun kai tsaye, sai su ce "mutanen kirki", kamar yadda mu ke cewa mutanen ɓoye. Tsoro iri ɗaya, ladabi iri ɗaya.) To wannan haki guba ne na gaske. Yana ɗauke da sinadarin da ke cin hantar doki da saniya sannu a hankali, dabba ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. Yana ɗanye dabbobi kan ƙi shi saboda ɗaci, amma in an yanke shi ya bushe cikin ingirici ɗacin ya ragu, gubar kuwa tana nan. Shi ya sa dokar da ƙasar ta yi a 1936 a kan miyagun hakukuwa ta sa shi cikin waɗanda tilas mai gona ya kawar.

Na daɗe a kan wannan misali da gangan, saboda akwai wata magana da ta zama yayi tsakanin ƴan boko masu son al'ada, wai kowane camfi akwai hikima a ɓoye cikinsa. Ban yarda ba. Labarin dokin aljanu bai faɗa wa kowa cewa hakin na kashe saniya ba. Wannan sanin daban yake, daga idon makiyayi ya fito, daga gawar dabba. Labarin aljanu kuma labari ne kawai, na hira da dare, mai daɗin ji. Su biyun suna zaune gefe da gefe cikin kan tsoho guda, kuma yaron ya rubuta su a shafi guda. Wanda ya nace sai ya matso kimiyya daga cikin kowane camfi, yana yi wa tsofaffi ƙarya kamar yadda mai raina su yake yi.

Akwai dai waɗanda dalilinsu a fili yake. Ana hana yara cin ƴaƴan wata ƙaya baƙaƙe masu zaƙi bayan daren ƙarshen Oktoba, a ce wani dodo mai suna púca ya tofa musu yawu. A wannan lokaci na shekara sanyi da danshi sun riga sun shiga, ƴaƴan sun fara ruɓa, tsutsa da hunhuna sun kama su. Uwa ta ga dodo ya fi dogon bayani saurin shiga kunnen ɗan shekara biyar. Haka neantóg, ganyen da ke ƙona fata in an taɓa shi: an ce wanda ya ci dafaffensa sau uku cikin watan Mayu jininsa zai wanku har shekara ta zagayo. Batun wanke jini a bar shi, amma mutanen da suka yi watannin hunturu suna cin dankalin turawa da madara kusan kullum, ganye na farko da ya tsiro mai sinadarin ƙarfe da bitamin ba ƙaramin abu ba ne gare su. Tafasarmu da yaɗiya na farkon damina aikin da suke yi ke nan.

Wanda ya fi kowane ƙarfi cikin camfin nan shi ne na sceach, ɗan itacen ƙaya mai farin fure, girmansa kamar na magarya. In ya tsiro shi kaɗai a tsakiyar gona ba wanda ya shuka shi, to na aljanu ne. Ba a sare shi, ba a karya reshensa, ba a ƙona itacensa, furensa ma ba a shiga da shi ɗaki. Kayen yaran cike suke da labarin wane da ya sare, saniyarsa ta mutu, ko hannunsa ya shanye, ko ya rasa barci har ƙarshen ransa. Manomi kan karkata garmarsa ya kewaye itacen, shekara da shekaru. Kuma kada a ɗauka abin ya wuce da zamanin kakanni. A 1999, lokacin da ake shimfiɗa babbar hanyar mota a Latoon cikin gundumar Clare, wani mai ba da labaran gargajiya, Eddie Lenihan, wanda shi ma ya yi aikin koyarwa, ya ɗaga murya a kan wani irin wannan itace da ke kan layin aikin. Jaridu har na Amurka suka ɗauka. Ƙarshenta aka bar itacen, hanya ta wuce ta gefensa.

Mutum na iya yin dariya, amma ya dubi sakamakon. Irin wannan tsoro ne ya tsare dubban tsofaffin kufai masu zagayen ganuwar ƙasa, gidajen manoman da suka rayu fiye da shekara dubu da suka wuce, waɗanda aka ɗauka gidajen aljanu ne. Ba doka ce ta tsare su ƙarni bayan ƙarni ba. Da tsoro ya ragu, manyan injina suka shigo gona a ƙarni na 20, da yawansu aka baje su. A nan ma ba sai mun je nesa ba. Tsamiya nawa da kuka nawa suka kai yau a garuruwanmu saboda an ce akwai masu ita? Ba ina cewa a koya wa yaro tsoron tsamiya ba. Ina cewa in mun cire tsoron, wajibi ne mu san abin da yake riƙe da shi, mu sa wani dalili a gurbinsa, in ba haka ba gatari ne zai cike gurbin.

Akwai kuma wanda ba darasin noma ba ne, ba na kiwon lafiya ba, tabo ne. Suna ce masa féar gortach, wato ciyawar yunwa. Ba ta da wata kama ta daban, ba a gane ta da ido. Mutum na cikin tafiya a kan tudu sai ya taka ta, nan take yunwa ta kama shi, gwiwa ta saki, in ba a ba shi abin ci ba yana iya mutuwa a wurin. Maganinta shi ne kada ka yi doguwar tafiya ba da ɗan guntun burodi a aljihu ba. Da yawa sun ce tana fitowa ne a inda wani ya faɗi ya mutu da yunwa ba a yi masa sutura ba. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta lalata dankalin da talakan Ailan ya dogara da shi, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka bar ƙasar. A waɗannan shekaru mutane sun ci neantóg da wani hakin gonar hatsi mai ruwan ɗorawar fure, praiseach, don su rayu. Tsofaffin da yaran 1937 suka tambaya ƴaƴa ne da jikokin waɗanda suka ga wannan. Da an jira shekara 20 kafin a tambaya, da yawancinsu sun tafi da abin da suka ji. Malamin da zai ja jan biki a kan ciyawar yunwa ya rubuta "ƙarya" a gefe bai fahimci abin da yake karantawa ba.

Wani ɓangaren kuma ba shi da daɗin ji, kuma ba zan tsallake shi ba. Akwai dogon tsiro mai fure kamar ƙararrawa da suke kira lus mór. Daga ganyensa aka samo maganin zuciya, wanda wani likitan Ingila, William Withering, ya yi bayaninsa a 1785. Tazarar da ke tsakanin maganinsa da gubarsa ƴar kaɗan ce. A karkarar Ailan an riƙa ba da ruwan ganyen ga yaran da ba sa girma yadda ya kamata, bisa zaton aljanu sun sace na gaskiya sun bar nasu. A 1895 kuma, a gundumar Tipperary, wata mata mai suna Bridget Cleary ta kwanta rashin lafiya. Mijinta ya yarda cewa musanya ce aka yi masa, aka ɗura mata jiƙon ganyaye cikin madara da ƙarfi, daga baya ya ƙone ta har lahira. Kotu ta ɗaure shi shekara 20. Aljanun da suka tsare itace a gona su ne dai aka kashe mace da sunansu. Duk wanda zai kai wannan aiki cikin aji ya riƙe wannan a ransa.

To me ya sa nake cewa mu yi koyi? Saboda hakin gonarmu ma yana da masana, kuma ba a makaranta suke ba. Tsohuwar da ta san kwana nawa ake jiƙa anza ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita ta ciyu, ta san abin da ya tsayar da rai a 1973 da 1984 da 2005. Akwai wanda ya san yadda ake sussuke ƙarangiya a fitar da ƙwayarta, da wanda ya san abin da nonon tumfafiya ke yi wa ido, da makiyayin da zai faɗa maka shekarar da garmani ya fara cinye makiyayar garinsu da ciyawar da ta ɓace a dalilinsa. Ɗan CM2 ɗinmu na iya zana sassan fure da sunayensu na Faransanci, amma ka nuna masa haki biyar a bayan aji, da wuya ya kira sunan uku da harshen uwarsa. Ba laifinsa ba ne. Ba mu taɓa nuna masa cewa wannan ma sani ne da ake ba maki ba.

Na san abin da wasu uwaye za su ce, don ba yau na fara jin sa ba: mun kawo ɗa ya yi karatu, za a tura shi ya kwaso maganar iskoki da ta saɓa wa addini. Damuwa ce ta gaskiya, ba ta raini ba. Amsata ita ce rubuta abin da mutum ya faɗa ba yarda da shi ba ne. Yaron da ya rubuta "kakata ta ce ba a sare tsamiyar bakin kasuwa saboda kaza" ya faɗi gaskiya, don haka ta ce. Ya kuma koyi wani abu da manya da yawa ba su iya ba, wato raba abin da aka ce da abin da aka tabbatar. Mutanen Ailan na wancan lokaci Kiristoci ne masu riƙo sosai, yawancin makarantun ma limaman coci ne ke kula da su, kuma aikin bai mai da ƴaƴansu masu bautar itace ba. Camfin da ake raɗawa a ɗaki ya fi wanda aka shimfiɗa a kan tebur aka tattauna ƙarfi a zuciyar yaro.

Abokan aikina kuma za su ce ina lokaci, ga tsarin karatu ya cika, ga aji mai yara 80. A Ailan ba a ƙara awa ko ɗaya ba. Lokacin rubutun insha'i aka ɗauka aka ba wannan aikin. Mu ma muna da darasin rubutu, muna da lokacin ayyukan hannu da na lambu wanda a makarantu da yawa ya koma sharar fili. Komawa makaranta a watan Oktoba ta dace sosai, haki bai gama bushewa ba, kowa ya fito daga noma abin na cikin kansa. Tambaya biyar ko shida sun isa: wane haki ya fi damun gonarku, a wace irin ƙasa yake fitowa, dabba na cin sa, an taɓa cin sa a shekarar yunwa, me aka hana yi da shi, wa ya faɗa maka kuma shekarunsa nawa. Yaro ya rubuta da harshen da aka ba shi labarin, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci, kamar yadda yaran Ailan suka rubuta wasu da harshensu na gado wasu da Ingilishi. Ya manna ganyen a shafin, don sunan haki kan sauya daga gari zuwa gari. Sharaɗi guda ne ba sassauci: ba a ɗanɗana komi, ba a gwada magani a kan kowa.

Inda zan so mu wuce su shi ne mataki na biyu. Su sun tattara sun ajiye. Mu sai mu ɗauki abin da ke gwaduwa mu gwada, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai. An ce hatsin gindin gawo ya fi kyau: a je da igiya a auna taki goma a ƙarƙashinsa da taki goma a fili, a ƙirga zangarniya, sa'annan a tambayi yara me ya sa itacen da ke zubar da ganye da damina zai taimaki shuka. An ce ƙuduji na bin gonar da ta gaji: a tambayi masu gona biyar yaushe rabonsu da kai taki. Abin da ba ya gwaduwa, kamar dokin aljanu, a bar shi a matsayinsa na labari, a rubuta shi da kyau, a karanta wa aji. Lissafi ya shiga, kimiyya ta shiga, rubutu ya shiga, kuma ba a ci mutuncin kakar kowa ba.

Aikin na Ailan bai rasa aibu ba. Wasu yara sun kwafi na juna, wasu sun kwaso daga littafi ko jarida suka ce tsoho ne ya faɗa, kuma karkara aka fi kula da ita, birni bai samu rabo sosai ba. Namu ma za su yi haka, duk malami ya san halin ɗan makaranta da aikin gida. Maganinsa shi ne abin da su ma suka yi, a sa sunan mai ba da labari da shekarunsa da garinsu a ƙarƙashin kowane rubutu.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiya. Rubutun yaran Ailan ya kai yau ne saboda an sa kowace makaranta ta kwafe shi cikin babban littafi ta aika Dablin, aka ɗinke su kundi 1,128. Suna nan a jami'ar University College Dublin, an ɗauki hotonsu an sa a shafin intanet na dúchas.ie, inda mutum zai nemi sunan ƙauyensu ya ga rubutun hannun kakarsa tana ƴar shekara 12. A 2017 UNESCO ta sa tarin hukumar cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya da aka rubuta. Kayen da aka bari cikin ajin zana kuwa, in gara ba ta ci ba, ruwan farko zai ci. Ba sai mun jira umarni daga Yamai ba kafin mu fara. Darakta ɗaya mai wayar hannu na iya ɗaukar hoton shafi 200 cikin yamma guda. Makarantun horon malamai na jihohi suna da ɗakin karatu da ɗalibai masu neman abin da za su yi rubutun ƙarshen karatu a kai, kuma a Yamai akwai IRSH da CELHTO, waɗanda tattara irin wannan gado yana cikin aikinsu tun kafuwarsu. Abin da ya rage shi ne makaranta uku ko huɗu na yanki guda su yarda a kan tambayoyi iri ɗaya a taron malamai na farkon shekara, su kuma sa sunan wanda zai karɓi kayen kafin hutun Disamba.